Rumfar motar Baba ta zauna

"Kai, daina ja haka, za ka yaga ta!"

Wani dattijo ne ya daka min tsawa a ƙofar gidanmu a Gumel, ina ta kokawa da rumfar tsohuwar motar Baba, 'yar ƙaramar nan mai kujera biyu da ake naɗe samanta. Ta daɗe a ajiye, tamfol ɗin ya ƙanƙance ya ƙi kaiwa maƙalinsa. Ni kuwa na yi wa Baba alkawarin kai shi Gagarawa a cikinta tunda jiki ya fara sauƙi, amma likita ya hana shi shan rana.

Cikin haushi na ce, "Malam, bakanike ne kai?"

Ya ce, "Baduku ne. Kakana ya ɗinka wa motar Bature rumfa tun zuwan Turawa. Tura motar cikin rana tamfol ɗin ya yi laushi, sannan ka ja dama kaɗan, hagu kaɗan, kamar ɗaurin ganga."

Na yi yadda ya ce, bayan azahar rumfar ta zauna daram.

Baba ya dogaro sandarsa ya fito, ya shafa rumfar, ya ce, "Ɗauko min hulata."

Wata bakwai rabon da ya nemi hular nan. Ku taya mu da addu'a, gobe sai Gagarawa.