Kariyar da Ba Ta Ɗauki Kekena Ba

Likita ne ya mayar da ni kan keke bayan na yi ritaya. Ya duba takardar gwajin jinina ya ce suga ya hau, in ban fara motsa jiki ba to in shirya zama da allura. Na dawo gida Fagge raina a jagule, na shiga ɗakin da muke jibge tarkace, na jawo keken da na daɗe ina zuwa koyarwa a kansa. Baƙi ne, mai sanda, irin na da, ƙarfe zalla. In ka ɗaga shi sai ka ji a ƙugunka. Na kai wa mai faci ya sa masa sabbin tayoyi, ya zuba wa sarƙar mai, washegari bayan sallar asuba na hau.

Wanda ya fara yi mini dariya shi ne abokina. Tun muna firamare muke tare, layinmu ɗaya, shi ne ma ya yi mini babban aboki ranar aurena. Ni na bi aikin koyarwa, shi ya bi kasuwa, Allah kuma ya buɗa masa, yana da shagon shadda da atamfa a Kantin Kwari. A gaban mutane ina ce masa Alhaji, yana ce mini Malam, amma in mu biyu ne babu irin tsiyar da ba ma yi wa juna. Ya gan ni ina haki a bakin layi ya ce, “Malam, wannan ai ba keke ba ne, ƙofar gareji ce aka sa wa taya.” Na ce ya jira, nasa likitan na nan tafe. Ba a rufa wata biyu ba kuwa aka ce masa jininsa ya hau. Ya je ya sayo nasa, keken zamani ja, tayarsa siririya kamar yatsa, da hannu ɗaya ake ɗaga shi.

Muka shiga fita tare. Daga masallaci mu hau, mu gangara wajen tashar jirgin ƙasa, mu zagayo ta gefen Sabon Gari, mu dawo kafin 'yan adaidaita sahu su cika titi. Yakan wuce ni, ya tsaya wajen mai shayi yana jirana, in iso ina zufa yana mini kirarin banza. Wallahi na daɗe ban ji daɗin abu kamar fitar nan ba. Mutumin da ya bar aiki, yara sun watse, waya ba ta ƙara sai ta gayyatar biki ko sanarwar rasuwa, ya san abin da nake nufi. Na samu abin da zai tashe ni da safe, na kuma samu abokina ya dawo mini, don kasuwa ta daɗe da ƙwace mini shi.

Wata safiya wani ɗan adaidaita ya kusa shafe ni a kwanar tasha. Kafaɗata ya goga, ya wuce ko waiwaye bai yi ba. Alhaji ya ce a'a, wannan ba za ta yiwu ba, garin nan ba wurin keke ba ne. Shi ya kawo shawarar mu riƙa ɗora kekunan a motarsa ran Lahadi, mu fita can hanyar Tiga inda titi yake fayau, mu yi tuƙinmu cikin gonaki mu dawo. Ni ba ni da mota. Muka gwada cusa su a but, nasa ya shiga rabi, nawa ko kai bai shiga ba. Sai ya ce, “Kariya za a nemo, irin ƙarfen nan da ake ɗora keke a jikin mota. Kai ne sarkin bincike, Malam, ka nemo mana mai kyau, ni ba ni da lokaci.”

Na ɗauki aikin nan kamar jarrabawa zan shirya wa ɗalibai. Sati uku ina sintiri a shagunan kayan mota na Sabon Gari, da ɗan littafina a aljihu. Na ga kariyar da ake ɗaurawa a saman mota, keke ya tsaya a kai. Kyakkyawa ce, amma wa zai ɗaga kekena zuwa rufin mota? Mu biyu dattawa, ɗaya mai suga ɗaya mai hawan jini? Na ga wadda ake rataya wa a murfin but da maɗaurai, ta gwanjo, mai shagon yana rantsuwa keke uku take ɗauka. Na ce to mu gwada. Muka rataya ta a motar mai shagon, muka ɗora nawa shi kaɗai, sai ga hannun kariyar yana sunkuyawa a hankali. Ya ce, “Baba, wannan naka ai sai a-kori-kura.” Wani kuma ya ce me ya kai ni wahala, in sayi igiyar roba in ɗaure su a baya yadda motocin ƙauye suke yi. Na san Alhaji da fentin motarsa, ko ƙuda ba ya so ya sauka a kai, don haka ban ma kai masa wannan maganar ba.

A ƙarshe aka kwatanta mini wani mai walda a can cikin Sabon Gari. Inyamuri ne, dattijo kamata, a nan aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan layinmu. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce shi ba ya karɓar awo a baki ko a takarda. A kawo motar, a kawo kekunan duka biyu, ya gani da idonsa.

Ran Litinin muka je. Mai waldar ya shiga ƙarƙashin motar ya duba inda zai kama ƙarfen a bayan bamba. Ya fito ya tsayar da kekena a kan simintin shagonsa, ya zana da alli inda tayar gaba ta tsaya da inda ta baya ta tsaya, ya auna kaurin tayar da tef. Haka ya yi wa na Alhaji a gefe. Ya ce kowane keke zai yi masa mazauninsa, wato ƙarfe mai kwari da taya za ta faɗa ciki ta zauna daram, kuma ƙasa-ƙasa zai yi ta yadda ba sai mun ɗaga da yawa ba. “Amma ku sani,” in ji shi, “keken da na auna shi kaɗai za ta ɗauka. In kun kawo wani ba ruwana.” Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce, “Mu biyu ne ai, Oga. Wa za mu kawo?” Aka ce mu dawo ran Asabar.

Ran Juma'a bayan masallaci Alhaji ya ce mini kada in wahalar da kaina gobe, ya yi waya da mai walda, aikin bai kammala ba, sai wani satin. Na ce to. Amma da gari ya waye zumuɗi ya hana ni zama. Na ce bari in je ko ganin inda aka kai ne in yi. Na hau kekena na tafi.

Ina isa na hango kariyar a ƙofar shago, an gama ta tsaf, an shafa mata baƙin fenti har ya bushe. Mai walda yana can ciki ya duƙufa a kan wata ƙofa, wuta na tartsatsi, bai gan ni ba. Daɗi ya kama ni. Na ce ashe Alhaji bai ji daidai ba ne. Na tura kekena na ɗora tayar gaba a mazaunin farko. Ta ƙi shiga. Kwarin ya yi mata kaɗan, ta hau kai ta zauna kamar tulu a bakin kwalba. Na ce to wannan na Alhaji ne, na koma na biyun. Shi ma haka. Na duba tsawon, duka biyun sun gaza kekena da kusan taƙi guda.

Ina da zuciya, ban taɓa ɓoye wannan ba. Nan take ta taso mini. Na ƙwala masa kira, ya kashe wuta ya fito, ban bar shi ya buɗe baki ba na hau shi da faɗa. Na ce ina amfanin allin da tef ɗin da duk burgar da ya yi mana? Na ce sati uku na yi ina yawo a rana kafin in zo wurinsa, ashe wurin maƙaryaci na zo. Maƙwabtansa suka fara taruwa. Har na faɗi maganar da nake jin kunyarta har gobe, na ce dama ku haka kuke, in kun ga baƙo sai ku cuce shi. Mutumin da aka haifa a garin nan kamar ni na tsaya ina ce wa “ku”.

Bai ɗaga murya ba. Ya cire baƙin gilashinsa ya ce, “Malam, zo ka gani.” Ya kai ni inda ya yi zanen ran Litinin. Zanen keken Alhaji na nan. Nawa an goge shi da ruwa, an yi wani a wurin, gajere.

“Ran Talata Alhaji ya dawo,” in ji shi, “shi da wani mutum a babbar mota, da keke irin nasa, shuɗi. Ya ce in canza awo, naka ba zai je ba. Na tambaye shi, Malam ya sani? Ya ce ka sani. Sau biyu na tambaya.”

Na tsaya ina kallon simintin nan kamar wanda aka aiko karanta shi. Mutanen da suka taru suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Na ce, “Oga, ka yafe mini, na zalunce ka.” Ya ce ba komai, ya jawo mini benci, ya aika aka kawo ruwa. Wannan kirkin nasa ya fi zagi ciwo. Ban iya shan ruwan ba.

Daga nan Kwari na nufa. Duk wanda ya san kasuwar ran Asabar ya san ba a shiga da keke, amma haka na tura shi cikin layukan nan, 'yan dako da dilolin atamfa a ka suna ta yi mini tsawa in kauce. Na jingine shi a ƙofar shagon Alhaji, yadda zai gan shi da kyau. Yana ganina ya miƙe da fara'a, “A'a, Malam, yau kai ne a kasuwa?” Na ce daga wurin mai walda nake.

Ya koma ya zauna. Ya sallami mai sayayyar da ke gabansa, ya hau sosa ƙeya. Ya ce dama yana neman yadda zai faɗa mini. Mutumin nan babban dila ne, daga wurinsa yake sarin kaya, suna da ƙungiyarsu ta masu hawan keke, manyan mutane, duk Lahadi suke fita. Ya ji labarin kariyar ya ce yana so a riƙa tafiya tare, shi kuma ba zai iya ce masa a'a ba. Da ya tsaya a nan, wataƙila da na haƙura, don na san kasuwa, na san mutum ba ya wasa da wanda yake ba shi kaya. Amma sai ya ƙara da cewa, “Kuma tsakani da Allah, Malam, su gudu suke yi sosai, ba za ka iya bin su ba. Ga keken nan naka. Dariya za a yi mana.”

Na ce, “A yi mana, ko a yi maka?”

Ya ce haba, kada in ɗauki abin da zafi, abu ne ƙarami. Ya ce gobe-goben nan zai saya mini sabon keke irin nasa, in zaɓi launin da nake so.

Na ce, “Na gode. Mazauni nawa ne a kariyar?”

Ya kalli ƙasa.

“Alhaji, tambayarka nake. In ka saya mini keken, a ina za a ɗora shi?”

Ya ce, “Biyu ne.”

Abin da ya fi ƙona mini rai ba canza awon ba ne. Ƙaryar ce. Ya dubi mai walda ya ce na sani. Ya dube ni a ƙofar masallaci ran Juma'a, da carbi a hannunsa, ya ce aiki bai kammala ba. Da ya zo ya ce, Malam, ga halin da nake ciki, wallahi da na yi masa tsiya na kwana biyu na bar shi ya tafi. Shekara hamsin muna tare, ashe bai ga na isa a gaya mini gaskiya ba, sai dai a lallaɓa ni kamar yaro. Ya ci amanata, kuma a kan ƙarfe guntu biyu ya ci ta. Na ja kekena na fito, yana kira na ban juya ba.

Ban daina hawa ba. Ina fita ni kaɗai, in gangara tasha in zagayo, ina kaffa-kaffa da 'yan adaidaita. Wajen mai shayin ne dai na daina tsayawa, don ya cika tambayata ina mutumina. Da Alhaji muna gaisawa, layi ɗaya muke, masallaci ɗaya. Matanmu ma ba su san takamaiman abin da ya faru ba. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma haka.

Bayan wata uku aka yi suna a gidan ƙanin Alhaji, muka haɗu a kan tabarma ɗaya. Motarsa na ajiye a ƙofar gida da kariyar a bayanta. Wani daga cikin baƙi ya yaba, ya ce bai taɓa ganin mai ƙwari irinta ba, a ina aka samo? Alhaji ya washe baki ya nuno ni.

“Ga wanda ya zaɓo mana nan. Sati uku ya yi yana bincike. In kana so, shi za ka tambaya. Ko ba haka ba, Malam?”

Duk suka juyo suna kallona. Na ce haka ne, ni na zaɓo. Na kwatanta wa mutumin shagon mai walda tiryan-tiryan, na ce ya tafi da kekensa a auna, kuma ya tsaya a wurin har a gama. Sannan na tashi na shiga neman takalmana, tun ba a kawo abinci ba.