Baba Dawo-Gobe Ya Rufe Shago

Tun kafin mai askin da ke jikin shagonsa ya zo ya buɗe, Baba ya riga ya share ƙofar nasa shagon, ya yayyafa ruwa, ya fito da bencin baƙi. Daga nan sai ya cire rigar fitarsa ya rataye a ƙusa, ya zura wata tsohuwar shuɗiyar riga wadda ɗigon dalma ya huhhuda wa gaba, ya jona ƙarfen narka dalma a wuta. Kafin ƙarfen ya yi zafi, zai ɗauki tsumma ya bi talabijin ɗin mutane da ke jere a bango yana goge su. Teburinsa cike yake da gwangwanayen madara, kowanne da irin kusoshin da ke ciki, ga mitar auna wuta, ga sukudireba manya da ƙanana, ga tabarau mai ƙafa ɗaya da ya ɗaure da waya. Haka 'yan layin suka taso suka gan shi, wasunsu har sun yi furfura.

Baba Dawo-Gobe ake ce masa, kuma da farko ba don yabo ba ne. Ko ya gama gyara a gabanka, ko hoto ya fito tar kana gani, ba zai ba ka kayanka ba. Sai ya ce, "Dawo gobe." Zai bar talabijin ɗin a kunne yini guda, yana aikinsa yana leƙawa, lokaci-lokaci ya ɗora tafin hannu a bayansa ya ji ko yana ɗaukar zafi. Masu gaggawa sun sha fita suna gunaguni, suna cewa duk masu gyara halinsu ɗaya. Sai daga baya mutane suka lura cewa abin da ya fita daga shagon Baba ba ya dawowa da ciwon da ya kai shi. Sunan ya zauna, tsokanar ce ta fita daga cikinsa.

Baba, kai ne wanda ba ka taɓa ce wa mutum kayansa sun mutu ba alhali da sauran rai a jikinsu. Kai ne kake kiran mai kaya ka nuna masa ɗan abin da ya ƙone a tafin hannunka, ka ce, "Ga ɓarawon nan, shi kaɗai ne," a lokacin da wani zai ce sai an sauya komai. Ba a taɓa kiranka gaban taro an ba ka lambar yabo ba, kai ma ba ka taɓa jiran hakan ba.

Hannunsa na dama ne ya fara rawa. Matarsa, wadda duk layin ke kira Mama, ita ta fara gani, ranar da ya ɗaga kofin shayi ya zuba a gwiwarsa. Ya ce gajiya ce. Da abin ya ƙi tafiya aka je asibiti, likita ya ba da magani, ya kuma faɗi gaskiya: rawar za ta iya lafawa, amma ba za ta bar shi ba. Baba ya ci gaba da zuwa shago. Ya koyi jingina gwiwar hannunsa a tebur, ya koyi jiran lokacin da rawar ta ɗan kwanta kafin ya kai ƙarfe kan allo. Aikin da yake gamawa kafin hantsi ya koma cin yini.

Sai ranar da ya zo ɗaga gilashin wani talabijin na zamani, irin marar kaurin nan. Gilashin nan bai kai kaurin farce biyu ba, ɗan lanƙwasa kaɗan ya ishe shi. Hannun ya fizge. Mai aski ya ce daga shagonsa ya ji ƙarar, 'yar ƙarama, kamar an taka busasshen ganye. Da ya leƙo, ya tarar da Baba tsaye yana kallon tsagar da ta ratsa gilashin daga kusurwa zuwa kusurwa. Tun da ya fara sana'ar bai taɓa fasa kayan mutum ba. Bai ɓoye ba, bai ce dama a tsage aka kawo ba. Ya je gida ya ciro talabijin ɗin ɗakinsu ya kai wa mai kayan, ya ba shi haƙuri. Fasasshen kuma ya jingine shi a bayan ƙofa, fuskarsa na kallon bango. A ranar ya ce wa Mama, "In wata ya ƙare zan mayar da makulli."

Ana cikin wannan ne wani magini ya shigo da rana, rungume da talabijin a cikin zanin gado. Mutum ne mai jiki, siminti ya cinye masa tafin hannu. Ya gaishe da Baba, ya ce magana tana fita amma hoto babu.

Baba ya ce, "Ɗana, na daina karɓar aiki. Ka gangara bakin titi, akwai masu yi."

"Na je, Baba. Sun ce in sayi sabo."

"To, tunda yana magana, ku lallaɓa da shi kamar rediyo kafin Allah ya hore."

Maginin ya gyara riƙon da ya yi wa zanin. Sannan ya ce, "Na mai ɗakina ne. Ba ta ji. Zazzaɓi ya tafi da kunnenta tun bayan haihuwar ɗanmu. Yanzu kuma ƙoda ta kwantar da ita, ba ta fita ko tsakar gida. Ɗan namu yana aiki can nesa, yana aiko mana da hoton jikanmu mai motsi, in sa mata a filas, ɗan abin nan da ake soka wa talabijin, ta kalla. A waya ba ta gani sosai, idon ya yi rauni. Tunda hoton ya ɗauke ta juya fuska bango. Me magana za ta yi mata, Baba?"

Baba ya daɗe yana kallon hannunsa. Sai ya ture kayan da ke kan tebur gefe ya ce, "Ajiye nan."

Ya jona ya kunna. Murya ta cika shagon, gilashi kuwa baƙi ƙirin. Ya ɗauki tocila ya manna haskenta a jikin gilashin, ya ce wa maginin ya matso. A cikin ɗan da'irar hasken sai ga inuwar mutum tana motsi, dishi-dishi.

"Ka gani? Hoton yana nan, bai mutu ba. Fitilun da ke haska shi ta baya ne suka ɗauke."

Da ya kwance murfin baya, ya ga inda cutar ta samo asali. A kan allon da ke raba wa talabijin wuta, wanda masu sana'ar ke kira fawa bod, wasu 'yan kafasito masu kama da ƙananan gwangwanaye sun kumbura, kusa da su kuma allon ya yi baƙin ƙuna. Ya bayyana wa maginin cewa allon ne ya riƙa tura wuta ba bisa ƙa'ida ba har ya cinye fitilun. In aka sauya fitilu aka bar allon, sati ba zai yi ba su sake ƙonewa. Dole a yi duka biyun. Kuma ba a kai wa ga fitilun sai an ɗaga gilashi.

Nan ne ya tsaya. Mai aski ya ce bai taɓa jin Baba ya nemi taimako a kan aikinsa ba sai ran nan. Ya leƙo shagon askin ya ce, "Kai da kake yawo da aska a wuyan mutane ba ka taɓa yanka kowa ba, zo ka ara mini hannunka." Daidai lokacin Mama ta iso da abincin rana, ita ma aka ce ta ajiye kwano ta wanke hannu. Baba ya shimfiɗa bargo a benci, ya koma gefe, ya harɗe hannayensa a baya don kada su kai kansu. Da baki ya yi aikin. "Da tafin hannu, ba da yatsa ba. Kada ku kama kusurwa. Ku ɗaga tare. A hankali. Maman yara, ke kin fi shi sauri." Suka ɗauke gilashin kamar masu ɗaukar jariri mai barci, suka kwantar a bargo. Mai aski ya ce sai da ya sauke ya gane ashe bai yi numfashi ba.

Ga fitilun a jere a kan dogayen sirara, wasu sun yi baƙi. Irinsu ba a samu a kusa, sai an aika, kuma aike yana cin makonni. Baba ya juya ya kalli bayan ƙofa. Fasasshen nan da ya jingine, wanda tun ranar bai ƙara taɓawa ba, girmansu ɗaya, kuma fitilunsa lafiya lau suke. Ya jawo shi ya kwance, ya gwada su da mita ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a sabon mazauninsu.

Saura allon wuta, kuma wannan ba mai iya yi masa. Ƙafafun kafasito sirara ne, ramukansu kamar na allura, in dalma ta zarce ta haɗa layi biyu, allon ya tafi ke nan. Ya ɗauki ƙarfen, bakinsa na kaɗawa a iska. Ya ajiye. Ya sake ɗauka, ya sake ajiyewa. Mama ta taso. Ta jawo kujera ta zauna a damansa, ta kama wuyan hannun da hannayenta biyu ta danne a kan tebur, ta bar masa yatsu kawai.

Ya dube ta ta saman tabarau ya ce, "Yaushe rabon da ki riƙe mini hannu a gaban mutane?"

"Yi aikinka, tsoho. In ka sa ni dariya ni ma rawar zan kama."

Haka suka yi, ɗigo bayan ɗigo, hayaƙin dalma na shiga idonta tana kawar da kai ba ta saki ba. In rawar ta taso sai su dakata, ta ƙara matsewa har ta wuce. Ya cire kumburarrun ya dasa sababbi, ya kankare ƙunar, ya ɗinke layin da ya katse da 'yar waya. Da aka mayar da gilashi aka jona, fari ya fara bayyana, sannan launi ya cika fuskar talabijin ɗin. Maginin ya sa bayan hannu ya share ido, ya ce ƙurar shagon ce.

Ya san sunan Baba, saboda haka ya miƙe ya ce, "To, sai in dawo gobe ko?"

Baba ya ce, "Me likita ya ce game da jikin nata?"

Maginin ya sunkuyar da kai.

"Naɗe shi mu tafi. A can zan gwada."

Ɗaki ne ƙarami, katifa a ƙasa, kwalaben magani a kan taga. Matar tana kwance, ƙafafunta sun kumbura, fuskarta na bango. Mijin ya ɗora talabijin a kan tebur, ya sa filas ɗin, sannan ya taɓa kafaɗarta. Ta juyo da ƙyar. A gilashin, wani ɗan yaro mai koyon tafiya ya saki kujera ya yi taku biyu ya faɗi zaune, ubansa yana ɗaga wa kyamara hannu. Matar ta yunƙura, mijin ya tallabe ta ya sa mata matashi. Ta yi dariya da ƙarfi, irin ta wanda ba ya jin muryar kansa, ta ce wa mijin, "Dubi goshin nan. Naka ne sak, Allah ya so bai ɗauko hancin ba."

Baba ya sami wuri a gefen tebur ya zauna, tafin hannunsa a bayan talabijin yana sauraron zafi, har rana ta yi sanyi. Da zai tafi ta yi masa godiya, sai idonta ya sauka kan hannunsa. Ta ce, "Baba, ashe kai ma ba ka da lafiya, ka taso?" Ya ɗaga mata kai kawai, don ba ta yadda zai amsa ta ji.

Watan bai ƙare ba ta rasu. Bayan kwanaki maginin ya zo shagon, ya zauna a benci. Can ya ce, "Har ranar ƙarshe yana kunne, Baba. Bai ɗauke ba ko sau ɗaya. Tana kallon yaron ta tafi." Baba ya cire tabarau ya yi mata addu'a. Mai aski ya ce ya ga hawaye na bin gemunsa, ya ja ƙofarsa a hankali ya ba su wuri. Wannan shi ne aikin Baba na ƙarshe. Da wata ya cika ya mayar da makulli kamar yadda ya faɗa.

Yanzu yana gida. Rawar ta kama hannun hagu ma, Mama ce ke ɓalla masa maɓallin riga. Da safe yakan zauna a ƙofar gida, kuma har yau in wani ya tsaya ya ce talabijin ɗinsa na yin kaza, zai tambaye shi ko ƙaramar jar fitilar tana ƙiftawa, ya gaya masa abin da zai ce wa mai gyara don kada a cuce shi. Waɗanda ya koya wa aiki a da duk sun koma gyaran waya, ba wanda ya karɓi teburin. Bai taɓa yin ƙorafi a kan haka ba, amma Mama ta ce ba ya son a bi da shi ta gaban shagon.

Baba, mun gode. Kai ne ka riƙe amanar kayan mutane tsawon rayuwa, ka fasa sau ɗaya ka faɗi gaskiya. Kai ne ka ajiye kunyar neman taimako saboda wata baiwar Allah, wadda ba ka taɓa gani ba, ta ga fuskar jikanta. Mama, ke ma mun gode, rabin wannan aikin naki ne. Allah ya ba ka sauƙi, ya saka muku da alheri.

Ku kuma masu sana'ar hannu, manya da masu tasowa, kafin ku ce wa mutum ya jefar ya sayi sabo, ku buɗe ku duba, ku kuma tambaye shi wa ke jiran kayan a gida. Sauranmu da muka taɓa shiga shagon nan, mutumin yana raye, kada mu jira sai an ce babu shi sannan mu fara faɗin kirkinsa. Ku je ku gaishe shi. Zai ɗan yi jinkirin miƙo hannu, don ba ya son a ga yadda yake rawa. Ku riga shi miƙawa, ku kama da hannu biyu, kada ku yi saurin saki.