Darasin da Mushe Talle Ya Binne

Mushe Talle, wato Malam Talle a bakin 'yan lakwal masu Faransanci, ɗan Baudeta ne, malamin aikin gona a Tasawa, mai ɗalibai arba'in da ɗaya da darussa sha biyu a intanet. Shi ke sa ranar da kowane darasi zai buɗe a wayoyinsu. A shekara ta biyu ta mulkin soja damina ta makara, sai ya rantse darasin shuka ba zai fito ba sai ruwa ya sauka. Sau sha bakwai yana ɗage ranar.

Saura kwana tara jarrabawa, ɗalibarsa Habsatu ta tare shi.

"Mushe, faɗuwa za mu yi fa!"

"Ke, wa ke shuka a busasshiyar ƙasa?"

"Babana. Binne yake yi, iri ya jira ruwa."

 Washegari Talle ya buɗe darasin, shafi shida, farin rubutu bisa farin shafi. An binne ke nan.

Habsatu ta danna yatsa bisa allon wayarta ta ja kamar mai son kwafe rubutu, launi ya hau shafin, rubutun ya tsiro layi-layi. Ta gwada wa sauran, suka ce su ba su tone binne. Ita kaɗai ta ci jarrabawar.