Ranar Da Na Ɗaga Ido Na Kalli Baba

Babana kurma ne tun haihuwa, manomi a garin Babban Mutum. Ni ce 'yar farinsa, kuma a gidanmu yarinya ba ta kallon babba cikin ido. Idan na kai masa abinci sai in durƙusa, in sunkuyar da kai, in ajiye in tashi. Duk abin da yake so Inna ce ke faɗa mini. Har yabona ake yi a unguwa wai na cika kunya, ni kuwa kaina sai ƙara kumbura yake.

Da na shiga kwaleji na zaɓi sashen koyar da masu buƙata ta musamman, saboda shi. A raina zan koyo maganar hannu ta boko in dawo in koya wa tsoho. Ji ƙarfin hali!

Malamar da ke koya mana ita ma kurma ce, 'yar gajeruwa mai zafin nama. A satin farko ta kira ni gaban aji tana yi mini bayani da hannu, ni kuwa na sunkuyar da kai, wai ladabi. Sai ta buga tebur har alli ya faɗo ƙasa. Ta juya ta rubuta a allo: "Idan kika sunkuyar da kai gaban kurma, kin toshe kunnenki ne yana magana."

'Yan aji suna ta dariya. Ni kuwa Baba kawai nake gani a raina. Ashe tun tasowata yana yi mini magana, ni ina kallon tabarma.

Hutu ya faɗo lokacin girbin gero. Na same shi a zaure yana gyaran lauje. Na durƙusa, na ɗaga kai na dube shi.

Inna ta leƙo daga cikin gida ta ce, "Ke! Rashin kunyar da bokon ya koya miki ke nan?"

Baba ya hango fuskarta, ya ɗaga mata hannu, ta yi shiru. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ajiye laujen ya fara.

Wallahi ban taɓa ganin magana irin wannan ba. Ba ta kwalejinmu ba ce, tasa ce, amma na gane. Labarin ranar da aka haife ni yake ba ni. Da yatsu goma ya saukar da ruwan sama, ya taka keke cikin laka zuwa Baure ɗauko ungozoma. Ya haɗa tafukansa biyu ya nuna ƙanƙantata. An ce masa jaririya na kuka, shi kuwa ba ya ji, sai ya faki idon mutane ya ɗora tafinsa a ƙirjina, ya ji kukan yana rawa a hannunsa. Girarsa, kumatunsa, kafaɗarsa, duk magana suke. Wannan ne mutumin da na zo koya wa magana.

Kowa a gidanmu yana da alamar da Baba ke kiransa da ita. Na tambaye shi tawa. Sai ya ja yatsa ta tsakiyar kansa, wato tsagar kitsona. Iyakar abin da na taɓa nuna masa ke nan.

Na fashe da kuka. Ya matso ya ɗora tafinsa a bayana, ya bar shi nan har na gama.