Ƙafar Gwaggo Ma'u

Duk matar da ta rasu a unguwarmu ta bakin gulbi a Argungu, tun ina yarinya har zuwa 1990, Gwaggo Ma'u ce ta yi mata wankan ƙarshe. Ba danginmu ba ce, Gwaggo dai kowa ke ce mata. 'Yar garin Gulma ce, aure ya kawo ta gidan wani masunci mai suna Hodi, ya rasu ya bar ta da ɗiya ɗaya, Hauwa'u, wadda aka kai aure Augie. Wankan gawa wajen kakarta ta koya. Gajera ce, mai faɗin tafin hannu, ba ta da yawan fara'a, kuma Allah ya yi mata baki. In ta gaya maka magana ɗaya sai ka wuni kana juya ta.

Mutane kuwa, kun san halinmu. Ranar mutuwa, kafin a gama salati an aika mata. Ta zo da ƙwaryarta da ganyen magarya da ɗan ƙullin kafur, ta shiga ɗaki ta saki asabari, a yi ta sa mata albarka. Bayan sadakar uku kuma kowa ya koma ƙyamar hannunta. Ta taɓa gwada sayar da dafaffiyar shinkafa, ba wanda ya saya, sai ta koma saƙar faifai. Mai ciki in ta hango ta sai ta sauya hanya. Ranar suna a shimfiɗa mata tabarma mai kyau, a cika mata kwano, amma jaririn sai a ce barci yake yi. Tana sane da mu sarai. Takan ce, "Ku yi ta gudu, ɗiyana. Ni ba ni bin kowa, aiko mani aka yi."

Abu ɗaya ne ba mai musu a kansa: abin da ta gani a jikin mamaciya ya faɗa rijiya ke nan. Sharaɗin aikin ne, mai wanka ba ta tona asirin wadda ba ta iya rufe kanta. Ta fi shekara talatin tana shiga ɗakunan mutane, ba a taɓa jin an ce "Gwaggo Ma'u ta ce" ba.

Ita ta wanke Innarmu a 1979. Inna ba ta cika arba'in ba. Ta yi wata bakwai tana ramewa, tana ɗaura zane har wuya cikin zafin bazara, ba ta ce wa kowa ga inda ke mata ciwo ba. Aka ce ajali ne, muka yi haƙuri. Bayan shekara huɗu ƙanwarta, Inna Sakinatu, ta bi ta, tafiya iri ɗaya. Ita ma Gwaggo ce ta wanke ta. Da ta fito daga ɗakin, maimakon ta nufi ƙofa yadda ta saba, sai ta tsaya a tsakar gida da ƙwarya a hannu ta yi ta kallona.

Daga ranar kallon bai ƙare ba. A gidan biki kallo, a gidan rasuwa kallo, kuma ba fuskata take kallo ba. Na ce wa maƙwabciyata tsohuwar nan awon likkafanina take yi da ido, muka yi dariya, amma ni a zuci tsoro nake ji. Wata rana a gidan suna ina gyara goyo, ta miƙo hannu wajen ƙirjina wai za ta taya ni ɗaure majanyi. Na kaɗe hannun a gaban mutane, Allah ya yafe mini. Ta maida hannunta kan cinya.

A 1986, an gama yankan shinkafa, ina da shekara talatin da 'ya'ya uku, sai ga ta da safe tana ɗingishi da sanda. Ta tarar da maigidana a zaure yana tsintar albasa.

"Arzika, ƙahwag ga ta hana ni sakat," in ji ta. "Ka ara mani Asiya ta raka ni assibitin Birnin Kebbi. Ɗiyata tana Augie da tsohon ciki."

Ya ce, "Gwaggo, ga assibiti nan Argungu, mi za ya kai ki Birni?"

"Mace nika so ta duba ni. Ko kai ka duba mani?"

Wa zai hana matar da ta wanke masa uwa aron 'yar rakiya? Ya ce Allah ya sawwaƙe. Ni kuwa na shirya ina ƙunƙuni, a mota ma na sa ƙullin kayana tsakanina da ita.

Muna sauka a tashar Birnin Kebbi ta maƙale sandar a hammata ta kama tafiya, ni mai ƙafa biyu lafiyayyu ina haki a bayanta. Na ce, "Gwaggo, ƙahwar hwa?" Ta ce, "Tana nan inda Allah yad dasa ta. Taho."

Daga baya na san yadda ta shirya abin. Akwai wata Bayarabiya 'yar kasuwa, Mama Bimbo, da ke zuwa Argungu sarin faifanta. Ita ta gaya wa Gwaggo tana da ɗiya ma'aikaciyar jinya a ɓangaren mata na asibitin Birnin Kebbi, kuma kullum kukan ɗiyar ɗaya: mata ba sa zuwa sai ciwo ya ci ya cinye, alhali da za su zo da ƙafarsu tun suna jin lafiya a duba, da an tsamo da yawa. Gwaggo ta riƙe maganar nan wata uku tana neman hanyar da za ta fitar da ni daga gida ba tare da ta faɗi dalili ba.

Sista Adunni, ɗiyar Mama Bimbo, haihuwar unguwar Nassarawa ce a nan Birnin Kebbi, Kabanci a bakinta ya fi nawa. Ta ce, "Yaya, mi ka damunki?"

Na ce, "Ni ba abin da ka damuna. Rakiya niz zaka."

"To, irinku muka so," in ji ta.

Na juya zan nuna mata mai ciwon ƙafa, sai na ga Gwaggo ta zauna a benci ta tare ƙofa da sandarta. Ta ce, "Duba mani ita da kyau, ɗiyata. Ki hwara da hagu."

Na so in yi rigima, kunya ta hana ni. Aka ja labule. Sista ta duba ni ta ƙasa tukuna, ta ce tana neman ciwon sanyi da kuma miki a bakin mahaifa, ta ce nan lafiya lau. Sannan ta sa na kwanta na ɗaga hannu, ta bi nonona da yatsu a hankali tana zagayawa. A na hagu, can wajen hammata, ta tsaya. Ta koma, ta sake tsayawa. Ta kama yatsana ta ɗora a wurin. Wani abu ne mai tauri kamar ƙwayar gujiya. A jikina yake, ni ke wanka da kaina kullum, ban taɓa sanin yana nan ba.

Na ce, "Ai ba ya ciwo."

Ta ce, "Shi yas sa ba a sanin shi da wuri. Gidanku akwai wadda tat taɓa ciwon nono?"

Na ce ban sani ba. Sai zanen Inna da take ɗaurawa har wuya ya faɗo mini a rai. Na yaye labulen ko rigata ban gyara ba. Na ce, "Gwaggo, don girman Allah, mi kinka gani ga Inna?"

Ta dube ni tsaf. Ta ce, "Na ga baiwar Allah, na wanke ta, na suturta ta."

Na sake tambayarta sau ba adadi a shekarun da suka biyo, da lallashi da fushi. Amsar ba ta taɓa ƙaruwa da kalma ɗaya ba.

Sista ta rubuta mini takardar zuwa Sakkwato, don a can manyan likitocin jiharmu suke a lokacin. Da za mu fita ta dubi Gwaggo ta ce, "Mama, ke ma taho in duba ki, tunda kin zaka." Gwaggo ta ce, "Ni ƙahwa tak kawo ni. Ba ni man zahi in tahi." Sista ta yi dariya, ni ma duk da hawayen da ke idona na yi dariya. Ta karɓi man zafinta muka fito.

A gida aka sha daga. Maigidana ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama shi. Kowa a garinmu ya tashi da jin cewa ciwon daji ba ya son ƙarfe, in allura ko wuƙar likita ta taɓa shi sai ya bazu. Ya ce ba zai kai ni a yanka ba ina tafe da ƙafata. Ya kawo sassaƙe da turare da rubutu, na sha na shafa. In faɗi gaskiya, ni ma na fi son hakan. Takardar ta yi mako biyu a ƙarƙashin tasoshina.

Sai ga Gwaggo, yau ko sandar ba ta ɗauko ba. Ina daga bayan zaure ina jin su.

"Arzika, ban taɓa hwaɗin abin da nig gani ba, kuma ba yau nika hwarawa ba. Amma ka ji wagga. Na wanke uwar, na wanke ƙanwar uwar. In kab bar yarinyag ga ta kwanta da takarda cikin ɗaki, ka biɗi wata mai wanka tun yanzu. Ni ba ni shiga."

Ya ce, "Gwaggo, in ƙarhen yak kashe ta hwa?"

"Rai na Allah na. Amma waɗanda anka tsare ma ƙarhe, ni ad da labarinsu, ba kai ba."

Ranar Asabar muka hau motar Sakkwato. Aka gwada, aka ce dajin ne, amma bai yi nisa ba. Aka cire nonon gaba ɗaya. Na yi kukansa, ba zan ɓoye ba, da shi na shayar da 'ya'ya uku. Maigidana ya yi kwana goma sha ɗaya a barandar asibiti bisa buhu, ya bar albasarsa a hannun ƙanensa, wannan kuwa ban manta masa ba. Bayan shekara biyu na haifi autana, na shayar da shi da ɗaya. Ranar sunansa, kafin kowa ya taɓa shi, na ɗauke shi na ɗora a tafin hannun Gwaggo Ma'u. Ta riƙe shi a ɗarare, ashe rabonta da ɗaukar jariri tun ɗiyarta tana jaririya.

Ƙafar nan kuwa ba ta warke ba. Duk bayan 'yan watanni sai ta tashi, kuma kullum wata 'yar rakiyar take so, daga gidan da ta ga dama. Maza suna cewa ƙafar tsohuwar nan ta gagari likitocin Birni. Mu mata mun gane, muka rufe bakinmu. Da idona na ƙirga goma sha huɗu da ta kai. Yawancinsu aka ce lafiyarsu lau, suka dawo suna mitar wahalar mota. Uku aka samu da ciwon sanyi, aka ba su magani nasu da na mazansu, aka yi 'yar hatsaniya a gidajen ta wuce. Ɗaya, Abu matar liman, an makara. Gwaggo ta wanke ta da damina, ta fito ta yi kwana biyu ba ta yi wa kowa magana ba.

A shekararta ta ƙarshe ta fara tafiya da ni wajen aikin. Ta koya mini naɗa tsumma a hannu, da fara wanka ta dama, da yadda ake zuba ruwa ba a yaye zane ba, da kitso uku. Na ga tana ramewa. Na ga ɗaurin zanenta ya hau sama. Na tambaye ta, ta ce, "Tsuhwa ta, Asiya, ke ma tana nan tahe." Ni da na san komai, ni da ke da tabo a ƙirji, na yarda, don yardar ta fi mini sauƙi.

Kwana uku kafin ta cika ta kama hannuna. Ta ce, "Ke ka wanke ni. Kin san sharaɗi."

Ta rasu da hantsi ranar wata Laraba, shinkafa na cikin ruwa, saura shekara guda a raba mu da Jihar Sakkwato. Na shiga da ƙwaryarta da ganyen magarya na saki asabari. Na daɗe a ciki fiye da yadda aka saba, har aka fara gyaran murya a waje. Na yi kuka, kuma na ji haushi, nata da nawa. Har yau in na tuna dariyar da na yi ranar da Sista ta ce ta zo a duba ta, sai abinci ya fita raina.

Abin da hannuna ya taɓa a ɗakin nan, tsakanina da Allah ne. Na ga baiwar Allah, na wanke ta, na suturta ta.

Washegarin sadakar bakwai na ɗauki sandarta daga bayan ƙyaure na hau motar Augie. Na tarar da mijin Hauwa'u a ƙofar gida yana gyaran garma. Muka gaisa, na ƙara yi masa ta'aziyyar surukarsa, na jingina da sandar.

Na ce, "Malam, ƙahwag ga ta hana ni sakat. Ka ara mani Hauwa'u ta raka ni Birnin Kebbi."