Mu Masu Biyan Haraji

Duk wanda ya taɓa sayen gero a kasuwar Magama ya san Hussaini Ma'auni. Gajere ne mai babbar murya, hularsa kullum a karkace. Tun yana saurayi yake awo, tiya a hannu, yana cika wa 'yan Maraɗi da 'yan Katsina buhuna. Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba mu, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi a gari ba.

Hussaini bai yi boko ba, bai je Makka ba, ko babur ba shi da shi. Abu ɗaya yake taƙama da shi a duniya, wato yana biyan haraji. A da kuwa biyan nan ba wasa ba ne. Wannan taga ta tura ka waccan, waccan ta ce ka dawo gobe, goben a ce ai naka ba irin wannan ba ne. Manyan dillalai ma zillewa suke yi. Shi kuwa sai ya sa farar rigarsa ta Sallah, ya yi ta zarya har sai an karɓa, ya dawo yana taku kamar wanda ya sauko daga jirgi.

A majalisa yake cin ribar wahalar. Akwai wani rami a titin iyaka, daidai gindin dalbejiyar da muke zama. Duk ranar da babbar mota ta faɗa ciki sai kowa ya yi shiru, don an san mai magana. Hussaini zai gyara hula ya ce, "Mu masu biyan haraji, wanga abu ba mu yarda da shi ba." Daga nan ya hau gwamnati da faɗa har shayi ya huce. Ba mai katse shi, domin a cikinmu babu mai bakin yin haka.

Ana nan sai aka gyara dokar haraji. Rediyo ya ce an rage zaryar, kuma masu ƙaramin samu an ɗauke musu biyan. Kasuwa ta ɗauki murna. Ɗanasabe mai shayi, wanda ya daɗe yana jiran irin wannan rana, ya miƙa masa kofi ya ce, "Barka, Hussaini. Gwamnati ta duba ta ga mu da kai duk ɗaya ne."

Na ga fuskar mutumin nan ta canza, kuma wallahi ya ba ni tausayi. Abu ɗaya gare shi, an zo an ɗauke da sunan taimako.

Washegari ya sa farar rigar ya nufi ofishin haraji, ni kuma na bi shi don kada ya yi abin kunya. A garin nan ba a faɗin samu. Mai tirela ma idan ka ce ya kasuwa, "sai haƙuri" zai ce maka. Layin ranar duk masu kukan talauci ne, Hussaini kaɗai ya zo kukan arziki.

Jami'in, wani matashi mai haƙuri da ake kira Mudathir, ya saurari abin da awo ke kawowa, ya yi murmushi ya ce, "Baba, ka huta. Doka ta yafe maka."

"Yaro, awo kaɗai ka ji," in ji Hussaini. "Gidana raguna sun cika garke. Man gyaɗa jarka-jarka shina tahiya Maraɗi kowace kasuwa. Ƙuli-ƙuli kau sai da mota."

Mudathir ya gyara zama. "Duk naka ne, Baba?"

Nan aka zo wurin. Kowa ya san abin mace nata ne, kuma namijin da ya ce akuyar matarsa tasa ce ya gama zubar da girmansa. Ga kuma Joel direba tsaye a bayansa, wanda motarsa ce ke ɗaukar man. Hussaini ya waiga ya gan shi.

"Na iyali ne," ya ce a hankali. "Na Salmatu."

"To, ita dokar ta hau. Ka gaishe ta, ka ce muna son ganinta."

Salmatu matarsa ta yi shekaru tana lulluɓe sana'arta. Ko danginta sun ɗauka kuɗin gishiri kawai take samu. Abin da ya faru da yammar nan ba laɓe na yi na ji ba, katangar ce gajera.

"Malam, mi na yi maka? Ko 'yan lampo, masu karɓar harajin Maraɗi, ba su san da ni ba, sai kai da ka ci tuwona ka tahi ka kai ni? Wa ya aike ka?"

Ban ji amsarsa ba. Na dai san kwanakin nan a gidana ya riƙa cin abinci.

Salmatu ta je ta biya, kuma ba ta yi zarya ba, ana la'asar tana gida. Abin da ba wanda ya zata shi ne abin ya yi mata daɗi. Yanzu idan Hussaini ya yi ƙorafin tuwo ya makara, sai in jiyo ta ta katanga: "A hankali dai, Malam. Mu masu biyan haraji ba a yi muna tsawa."

Makon jiya wata motar albasa ta faɗa ramin nan, har buhuna suka zube. Majalisa ta yi shiru kamar yadda aka saba, duk muka juya muna kallonsa. Hussaini ya kai hannu ga hula, ya tsaya, ya sauke hannun bai gyara ta ba. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

"Bari in tahi in shaida wa Salmatu," ya ce.

Ko Ɗanasabe bai iya yin dariya ba.