Rigar da Ke Dawowa Fes

Mai Wanki mutum ne da bai cika kallon fuskar mutane ba. Kuna gaisawa idonsa na kan wuyan rigarka, daga nan ya gangara hammata, ya leƙa bakin hannu, kafin ka gama tambayarsa iyali ya riga ya yanke maka hukunci. Tun yana saurayi yake wanki da guga a wani ƙaramin gari, har yatsunsa suka yi fari-fari don cin sabulu, kuma ya yarda har cikin ransa cewa riga ba ta ƙarya. Matarsa takan ce, "Baban yara, ina nan zaune wata rana riga za ta shara maka ƙarya." Sai ya ja tsaki ya ci gaba da hura gawayin dutsen guga.

Don a gwada shi, sai Allah ya ba shi ɗa sarkin ƙiriniya. Ɗan Tsalle ake ce masa, shekararsa takwas, ba ya shiga ƙofa sai da tsalle, ba ya wuce kwata bai gwada tsallake ta ba. A sa masa wando da safe, kafin azahar gwiwa ta leƙo. Uban yakan ɗaga rigar yaron da yatsa biyu ya ce, "Jama'a ku duba min, wai ɗan mai wanki ke nan!" Yaron ya ƙyalƙyale da dariya ya ɗafe masa wuya. Faɗan dai na fatar baki ne, don duk duniya babu abin da yake so kamar yaron nan.

Da masana'antar garin ta rufe, ma'aikata suka watse, masu kawo wanki suka ƙare, sai ya yanke shawarar kwashe iyali zuwa birni. Ƙanin matarsa direba ne a can, shi ya ja masa kunne tun a waya. Ya ce, "Yaya, a nan ba a kai yaro makarantar da aka ga dama. Unguwar da kake zaune ita ke da makarantarta, can za a tura shi. Saboda haka makaranta za ka fara zaɓa, sannan ka nemi gida kusa da ita."

Mai Wanki ya tafi shi kaɗai ya yi binciken da ya iya. Bai tambayi kowa komai ba. Lokacin tashi yake jira, ya sami inuwa daura da ƙofar makaranta, ya harɗe hannu yana karanta riguna.

Makarantar farko tana hayin babban titi. Ana kaɗa ƙararrawa yara suka ɓarko kamar an buɗe wa awaki ƙofa, ihu, guje-guje, wannan riga a waje, wancan babu maɓalli, gwiwoyi duk jar ƙasa, aljihu duk tawada. Ya dafe ƙirji ya ce, "Innalillahi! Nan makaranta ce ko filin kokawa? In na kawo nawa nan ai sarauta za su ba shi."

Washegari ya tsaya a ƙofar ta biyu, mai shuɗin fenti da dogon gini. Abin da ya gani ya sa ya saki baki. Yara ne ke fitowa a jere, tsit, farar riga fes kamar yanzu aka sauke ta daga teburin guga. Karin wando na nan tsaye, safa fara ƙal, kuma wai an wuni a cikinsu! Ƙanin matar tasa direba, da ya rako shi ranar, ya ce, "Yaya, mu shiga mana, ka ga azuzuwan, ka ji ta bakin malamai." Ya ce, "In ji me? Na ga abin da na zo gani. Inda aka iya riƙe riga, an iya riƙe yaro."

A bayan makarantar ya kama ɗaki biyu a saman bene, da ɗan shago a ƙasa. Ya kafa dogon teburinsa, ya shimfiɗa masa bargo da farin ƙyalle, ya ɗaura igiyoyin shanya a kan rufin, ya sayi dutsen guga na lantarki ya ajiye na gawayi don ranar ɗauke wuta. Kasuwa kuwa ta buɗe yadda bai taɓa mafarki ba. Iyaye mata ke layi da fararen riguna, kowace tana cewa, "Don Allah Malam, gobe da sassafe. Ka duba nan, ɗan ɗigon nan, ka tabbata ya fita." Wata har muryarta na rawa. Shi kuwa daɗi yake ji, ya ce ga mutanen da suka san darajar tsafta.

Ɗan Tsalle ma ya fara dawowa fes. Uban yakan tare shi a ƙofar shago ya juya shi gaba da baya, ya nuna wa maƙwabta. "Kun gani? Wata ɗaya kacal, sun gyara min shi."

Matar ce ba ta yi murna ba. Wata rana da yamma ta sauko da ƙanwar yaron a baya, ta tsaya a bakin teburin. Ta ce, "Baban yara, yaushe rabon da ka ga yaron nan ya yi tsalle?"

"To ba shi muke nema ba?"

"Da ya shigo randar ruwa yake nufa, ya yi ta sha kamar wanda ya kwana a daji. Abincin da na sa masa a jaka haka yake dawowa ba a buɗe ba. In ƙanwarsa ta miƙo hannu za ta taɓa shi, sai ya ja da baya yana kare riga. Ni fa ban gane ba."

Ya ce, "Wayewa ce. Birni ne ya fara shigarsa." Ya fesa wa wata riga ruwa ya ɗora dutse.

Ranar da abin ya fashe, an wayi gari babu wuta. Ya hura dutsen gawayi yana goge wa yaron riga, sai ɗan burbushin toka ya faɗo a kan aljihu. Ya kai yatsa ya share, ya bar wani baƙin ɗigo da bai kai ƙwayar gero ba. Ɗaya rigar kuwa tana jiƙe a bokiti. Yaron na ganin ɗigon ya ƙame. Ya ce, "Baba, don Allah kar in je yau. Baba, ka ce ba ni da lafiya."

Uban ya yi dariya. "Kai, tafi can! Wa zai ga wannan? Wuce, in ɗayar ta bushe ni da kaina zan kawo maka." Ya tura ƙeyarsa. Har yau in ya tuna hannunsa a ƙeyar yaron nan, sai ya ajiye abin da yake yi.

Da hantsi ya busar da rigar da dutse, ya ninke ta a leda, ya zagaya. Ranar ce ya fara taka cikin makarantar da ya kwaso iyalinsa dominta. Maigadi ya ce ya shiga, ai lokacin tara ne, an fita hutu.

Hutu? Ya tsaya yana waige-waige. Babu fili, babu ƙasa ko ta cika tafin hannu, siminti ne shafe daga bango zuwa bango. Ya leƙa tagar wani aji, ga yara maƙil, kowa ya ɗora hannu biyu a kan tebur, ba mai ci, ba mai sha, ba mai motsi. Ɗaruruwan yara a gini guda, amma yana jin ƙarar takalminsa.

Sai ya ji amshi daga tsakar makarantar, muryoyi da yawa a tare, ba ɗaga murya ba nishaɗi: "Ƙazami. Ƙazami." Ya bi sautin. An ja wani farin layi a tsakiyar siminti, a cikin rana, yara kamar shida na tsaye a kai. Wata malama na zagayo da 'yan aji guda a jere suna wucewa ta gabansu suna faɗin kalmar. Ya san rigunan nan, wasu shi ya goge su jiya. Na ƙarshe a layin nasa ne. Kansa a ƙasa, ya rufe aljihu da tafin hannu, gaban wandonsa a jiƙe, ruwan ya gangara har cikin farar safa. Tun safe yake wurin, ba a bar shi ya zaga ba.

Ledar ta suɓuce daga hannun Mai Wanki.

Shugabar makarantar ta fito daga ofis da fara'arta. "A'a, ba kai ne mai wankinmu ba? Sannu da ƙoƙari, wallahi kana rufa wa iyaye asiri."

Da ƙyar ya ce, "Hajiya, yaro ne fa. Ɗigon toka ne. Ni na ɗiga masa."

Ta ce, "To ka kiyaye gaba. Malam, mu abin da iyaye ke so muke yi. Wa ke shigowa ya tambaye mu me muke koyarwa? A bakin ƙofa suke tsayawa lokacin tashi, su ga yaranmu, su tafi neman gida a unguwar nan. Kai me ya kawo ka?"

Ya tsallaka farin layin, ya sunkuci ɗansa ya saɓa a kafaɗa da jiƙaƙƙen wandon da komai, ya fita. Rigar da ya kawo a can ya bar ta a ƙasa.

Matar ba ta ce ai na faɗa maka ba, kuma da ta faɗa da ya fi masa sauƙi. Ta yi wa yaron wanka tana hawaye. Shi kuwa ya zauna a shago yana kallon tulin fararen rigunan da ke jiran guga, ya gane cewa duk cinikin da yake taƙama da shi, tsoron yara ne ake kawo masa a ƙunshe.

Ya je ofishin ilimi ya roƙi a mayar da yaron makarantar hayin titi, waccan ta masu ihu. Suka ce ba su da ta cewa, makaranta gida take bi, in yana son waccan sai ya koma can da zama. Direba ya ce, "Yaya, ka yi tunani. Shagon nan fa ba kullum ake samun irinsa ba. A hayi kowa shi ke wanke kayansa." Mai Wanki ya ce, "Kawo motarka ranar Asabar."

Yanzu a hayi suke, ɗaki ɗaya da 'yar baranda. Ba shi da shago. A ƙarƙashin matakalar bene yake kafa teburinsa, ya bi gidaje da keke yana karɓar kaya, wata rana a samu, wata rana a yi haƙuri.

Ya zaci da an sauya makaranta shi ke nan. Ina! Mako ya bi mako, yaran unguwa na dawowa buɗu-buɗu, nasa na dawowa fes. Malamin ajinsu ya ce yaron na da ƙoƙari, amma in an fita tara sai ya tsaya a gefen fili ya rungume hannu, ko bango ba ya jingina. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da datti, ga shi kullum yana tare ɗansa a ƙofa, yana duba gwiwa, yana roƙon Allah ya ga ƙasa.

Wata ranar Laraba yaran maƙwabta duk suka dawo, ba a ga Ɗan Tsalle ba. Uban ya fita nema hankali a tashe. A bayan gida ya same shi, tsugune a bakin famfo daga shi sai gajeren wando na ciki, yana dirzar wandon makaranta da dutse. Gwiwar ta yage, taɓo har ƙugu. Yana ganin uban ya miƙe zumbur ya ɓoye wandon a baya.

"Baba, ba da gangan ba ne. Su suka ce in tsaya musu a raga. Zan wanke, wallahi zai fita."

Mai Wanki ya matso kusa da shi. Ya durƙusa a cikin caɓin bakin famfon, da farin wandonsa mai kari, ya karɓi wandon daga hannun yaron. Ya daɗe yana kallon yagar. Sannan ya ce, "To ka kama ƙwallon, ko ta wuce?"

Yaron ya dube shi ya ga ko da gaske yake. A hankali ya ce, "Na kama."

Tunda yake, bai taɓa barin kaya mai datti ya kwana a ɗakinsa ba. Ranar ya rataye wandon a ƙusa a saman teburin guga, da taɓonsa da yagarsa. Da matar ta miƙa hannu za ta jefa shi a bokiti, ya ce, "Bar shi nan, Maman yara. Ban gama kallonsa ba."